Maɓallan Steam Deck suna min gardama, a taimaka

Ɗan Zariya: Salamu alaikum 'yan zaure. In na shiga ɓangaren da Steam Deck, na'urar wasan bidiyo ta hannu, ke zama kamar kwamfutar tebur, na danna maɓallan Steam da X tare, kibod ba ya fitowa a allo. Ga maɓallin B kuma, in na danna sai ya maƙale a ƙasa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce, kada ka haɗa su. Ta kibod ba lalacewa ba ce. A wannan ɓangaren sai manhajar Steam tana buɗe gajerun hanyoyin nan suke aiki. In ka rufe ta, ko ka wuni kana dannawa ba abin da zai fito.

Ɗalibi: Yaya, ka kuma lura da maɓallin mai layi uku. In aka riƙe shi, yana sauya tsarin maɓallai zuwa na wasa, sai linzami, wato maus, ya daina motsi. Sake riƙewa yake dawo da shi.

Ɗan Zariya: Kibod ya fito, Allah Ya saka. Saura B.

Anti: Ƙanena, faɗi gaskiya, me ya zuba a kai?

Ɗan Zariya: Anti, ɗana ne ya riƙe ta yana shan zoɓo.

Ɗalibi: A ɗiga masa man keken ɗinki mana.

Injiniya: Kul! Man nan ƙura yake tarawa, ga hunturu na tafe. Sukari ne ya bushe a gefen maɓallin. Kashe ta gaba ɗaya, ka jiƙa tsinken auduga da sipirit irin na masu gyaran waya, ka zagaye gefen kana dannawa har ya saki. Ɗan kaɗan fa, ba wanka ba. In ya bushe, ka shiga saitin kwantirola, akwai wurin gwaji da ke nuna duk maɓallin da ka taɓa.

Anti: Kafin nan ka mayar da aikin B kan maɓallan R4 ko R5 na baya, mutane da yawa ajiye su kawai suke yi.

Ɗan Zariya: In bai saki ba, in kwance ta?

Injiniya: Kusoshi 8 ne a baya, amma B na can ciki, sai an ɗaga abubuwa da yawa. Ni dai ka kai wa mai gyara. Kuma ka cire katin memori da hannunka tun a gida, don in aka ɓalle murfin yana ciki, karyewa yake yi.