Shawarwari kan neman haƙƙin ƙirƙira a fannin katin zane

Wasu matasa masana kwamfuta daga unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi sun tattauna yadda ake tantance buƙatar haƙƙin ƙirƙira kan rabon ma'adanar bayanai ta katin zane (sashen kwamfuta mai sarrafa hotuna) wajen gyara kaushin gefen hoto, dabarar da ake kira MSAA.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce mai nema ya fara da lissafi. A dabarar MSAA kowane ɗigon hoto yana riƙe samfura da yawa na launi da zurfi, don haka allo mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsawo, idan aka ba shi samfura 4 masu bayit 8 kowanne, yana cinye kusan megabayit 66. Mai tantancewa ba zai gamsu da cewa an rage wannan nauyi ba. Sai an bayyana matakan da na'ura ke bi wajen ware wuri, domin adana launi sau ɗaya a ɗigon da samfuransa suka zo ɗaya tsohuwar dabara ce da manyan kamfanoni suka daɗe suna amfani da ita. A ganina nan ne yawancin buƙatu za su faɗi.

An kuma ja kunne kada a baje ƙirƙirar a bainar jama'a kafin shigar da takarda, ko dai ƙarƙashin dokar haƙƙin ƙirƙira ta Gana ta 2003, ko ta ofishin ARIPO, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta yankin Afirka, da ke Harare. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigarwa.