Zaman natsuwa: a runtse ido ko a bar shi a buɗe?

Malam Habibu, Ƙofar Mazugal: Salamu alaikum. Ina so mu ƙarasa maganar da muka bari jiya. Ni dai ina nan a kan bakana: wanda ya zauna zikiri ko tafakkuri idonsa a buɗe bai natsu ba tukuna. Duk abin da ido ya gani sai ya kai wa zuciya. Shi ya sa malaman Sufanci irin su Shehu Sha'arani suka lissafa runtse ido cikin ladubban zikiri. Mutum ya zauna a soro a Fagge da la'asar, ga adaidaita sahu, ga 'yan garuwa, ga yara suna shige da fice, a ce ya bar ido a buɗe kuma ya tattara hankali? Ina!

Dakta Usaini, Gyaɗi-Gyaɗi: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Rabin maganarka na'ura ta gaskata ta. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924. Ya lura cewa da an rufe ido sai wata igiya mai bugawa sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa ta ƙaru, da an buɗe kuma sai ta ja baya. Ita ake kira alfa, kuma daga baya aka gano ta fi ƙarfi ta wajen ƙeya inda ake sarrafa gani. To amma alfa alamar hutu ce, ba shaidar halartar zuciya ba ce, kuma ta kanta ake bi a gangara barci. Wanda ya kwanta sha biyun dare ya tashi da asuba, in ya zauna bayan sallah ya runtse ido, kafin ya gama istigfari ɗari kai ya fara rinjaya, carbi ya tsaya a hannu. Shi a ransa ya yi nisa. Na gefensa ya san gyangyaɗi yake.

Malam Habibu: Dakta, wannan laifin mai zama ne da bai ba barci haƙƙinsa ba, ba laifin rufe ido ba.

Dakta Usaini: Haka ne, Malam. Sai dai mutum nawa ne a garin nan suke zuwa wuridin safe da cikakken barci?

Malam Ɗanjuma, Madabo: A raba sallah da zaman zikiri tukuna, don kada yara su cakuɗa. A sallah, Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya kawo runtse ido cikin makaruhai, masu sharhi suka togace wanda yake tsoron ganin haram ko abin da zai shagaltar da shi. Imamu Malik ma ya tafi a kan mai sallah ya dubi gabansa, wajen alƙibla, alhali wasu mazhabobin sun ce ya dubi wurin sujada. Ka ga duka biyun ido a buɗe suke magana. Sannan hadisin Nana A'isha da ke Buhari da Muslim: Annabi (SAW) ya yi sallah da mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm a karɓo masa marar zane, domin ya ɗauke masa hankali. Abin da ya shagaltar aka kawar, ba ido aka rufe ba. In har kushu'in sallah yana samuwa da ido a buɗe, Malam Habibu, da wuya a ce natsuwa ba ta samuwa sai an runtse. A zikiri kuwa babu karhanci ko ta wane ɓangare, ladabi ne na tarbiyya, kuma shehin mutum ya fi sanin abin da ya dace da almajirinsa.

Abba, Ɗorayi: Baba Malam, ni abin da na ji shi ne wannan zama da ido a buɗe na 'yan addinin Buddha ne, daga Japan aka kwaso shi.

Dakta Usaini: Abba, suna yi, gaskiya ne. Malaminsu Dogen, wanda ya rasu a 1253, ya umarci almajiransa su zauna suna fuskantar bango, ido a buɗe, saboda barci ɗin nan dai. Amma a cikin addinin nasu akwai masu koyar da zama ido a rufe. Ba alamar kowa ba ce. 'Yan ɗariƙar Naƙshabandiyya ma suna da ƙa'idar cewa idon murid, wato almajirin ɗariƙa, ya tsaya a kan ƙafarsa in yana tafiya.

Hajiya Bilkisu, Hotoro: Ni ta ɓangaren ido zan shigo, don a nan ake ɓata abin. Mutane suna jin "buɗe ido" sai su ƙura wa abu ɗaya ido, su yi zuru, su daina ƙiftawa. Lafiyayyen mutum yana ƙiftawa kamar sau 15 zuwa 20 a minti, kuma kowace ƙiftawa tana shimfiɗa ruwan hawaye a kan ƙwayar ido. In ka hana, ruwan ya bushe, sai yaji, sai ja, sai kuma hawaye ya ɓalle, mutum ya ɗauka kukan shauƙi ne. A hunturun Kano, ga ƙura ga bushewar iska, ko a ƙarƙashin fanka, abin ya fi sauri.

Yadda ake yi: a zauna baya a miƙe, haɓa ta ɗan sauka, kada wuya ya lanƙwashe. A saki fatar ido ta sauko rabi da kanta, ba a matse ta ba. Kallo ya sauka ƙasa, kimanin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a gabanka, wato ɗan gaba da ƙarshen darduma. Kada a kawo shi kan cinya ko kan carbi, domin kallon kusa yana sa tsokar da ke daidaita gani ta yi ta aiki, bayan ɗan lokaci goshi ya ɗauki ciwo. Kada kuma a zaɓi ɗigo ɗaya. A bar gani ya bazu, irin na ɗan kasuwar Kwari da ke zaune a bakin shago: jama'a na wucewa, yana ganin kowa, ba ya bin kowa da ido. A ƙifta yadda aka saba.

Wuri ma yana da nasa. Tabarma ko siminti marar ado ya fi darduma mai hoton gini da furanni, don ido zai shiga bin zanen. Haske ya zo ta baya ko ta gefe, kada a fuskanci taga. Waya kuma a kife ta, a ajiye ta bayanka, hasken saƙo ɗaya ya isa.

Abba: Hajiya, wasu na cewa in sun daɗe suna kallon wuri ɗaya sai gefe-gefe ya dushe, wani lokaci har haske suke gani.

Hajiya Bilkisu: Wannan sananne ne tun 1804, wani likitan Suwizalan mai suna Troxler ya bayyana shi. In ido ya tsaya cak, ƙwayoyin da ke karɓar haske sukan saba da abin da ba ya motsi, su daina aika labarinsa, sai gefen gani ya shafe. Ka ƙifta ko ka ɗan motsa ido, komai ya dawo. Wanda ya ƙura wa kyandir ko ƙwan lantarki ido kuwa, inuwar hasken ce take biyo shi in ya kau da kai. Ba buɗi ba ne, ba kuma cuta ba. Rana dai kada wanda ya kuskura ya kalle ta, tana ƙona bayan ido.

Malama Hadiza, Tarauni: Akwai waɗanda ba a ce musu su rufe ido ko kaɗan. Wanda ya tsira daga hatsarin mota, ko aka taɓa garkuwa da shi, ko mai ciwon firgici, da ya runtse ido abin da ya faru yake dawo masa, zuciya ta hau bugawa, numfashi ya sarƙe. Irin wannan ido a buɗe zai fara, bayansa jingine da bango, yana ganin ƙofa. Minti uku zuwa biyar ya isa a farko. Ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, sau shida ke nan a minti. Kada ya cika ƙirji da ƙarfi yana haki, don yin haka na fitar da iskar kabon fiye da kima, yatsu su yi tsami, jiri ya kama shi, ya ƙara tsorata. In abin ya taso, ya danna tafin ƙafa a ƙasa, ya ambaci abubuwa biyar da yake gani a ɗakin. In kuma yana yawan dawowa har yana hana barci, magana ta wuce zaman natsuwa, sai a ga likita, a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano.

Malam Habibu: Hajiya da Malama, na karɓi na marar lafiya da na mai gyangyaɗi. Amma a halƙar zikirin Juma'a, mutum ɗari a sahu, wannan na rangaji wancan na gyara hula, ina za ka sami mita ɗaya da rabi marar motsi? A nan ban sauka ba.

Dakta Usaini: A nan ba mu da ja, Malam, sautin jama'a ma ba zai bar mutum ya yi barci ba. Ga ma'auni mai sauƙi ga mai zama shi kaɗai: in tunani ne ke tsalle-tsalle, ya ƙara sauke ido ko ya rufe na ɗan lokaci, in nauyi ne ke danne shi, ya buɗe sosai, ya ɗaga kallo zuwa daidai fuskarsa, in bai saki ba ya miƙe tsaye ya ci gaba.

Malam Ɗanjuma: Hajiya, dattawa masu gilashi fa?

Hajiya Bilkisu: Na karatu a cire shi, Malam, don an yanka shi ne domin tazarar littafi, kamar santimita 40, ƙasa za ta yi dishi-dishi ido ya yi ta ƙoƙarin gyarawa. Mai hawa biyu ma haka, tunda in ka sauke ido ta gilashin ƙasan kake kallo. Na ganin nesa shi ne za a iya bari.