Masu jin Faransanci a taimaka, da wace waƙa zan fara?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Ni dai shekara 3 kenan ina zuwa Kwatano saro kaya amma har yau daga bonjur sai mersi, in aka ja zance sai in zama kurma sai an nemo min tafinta. Yaron shagona ya ce wai da waƙa an fi saurin kamawa. Gaskiya ne? kuma da wa zan fara

Anti Malama: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai abin da waƙa ke gyarawa kunne ne. Wahalar Faransanci abin da ke takarda daban abin da baki ke faɗa daban, harafin ƙarshe yawanci haɗiye shi suke yi sannan su liƙa kalma da kalma ka ji jimla guda ta wuce kamar kalma ɗaya. Ka fara da tsofaffi masu jan magana a hankali, Edith Piaf da Jacques Brel. Akwai ta Piaf ta 1960, Non, je ne regrette rien, kalmominta ba yawa kuma tana ta maimaita su. Ka ji sau uku ba ka duba komai ba, sannan ka buɗe baitocin a waya kana bi da yatsa, sannan ka rera da bakinka ko da yara za su yi maka dariya

Na Maraɗi: Anti wannan ai waƙar kakanni ce 😂 barci za ta sa Alhaji a mota

Anti Malama: To kawo taka mu ji

Na Maraɗi: Stromae. Ɗan Beljiyam ne, babansa ɗan Ruwanda. Papaoutai ta fito 2013, sunan ma darasi ne, papa où t'es ne aka dunƙule, wato baba ina kake. A lakwal, wato makaranta, tu es malami zai koya maka amma a titi t'es za ka ji. Haka je ne sais pas, wato ban sani ba, ba mai tsayawa faɗin ne ɗin nan a fira. In kuma Faransancin da ya yi kusa da na Kwatano kake so to Tiken Jah Fakoly na Kodebuwa, rege yake yi, yana fidda kalma tas, ko Amadou da Mariam na Mali

Ɗan Kwari: Ina rubutawa. Yaron nawa kuma Aya Nakamura yake ta kunna min

Bature Baƙi: Kai Alhaji ajiye wannan tukuna. A Bamako aka haife ta, ita ce ta yi waƙa a buɗe gasar Olamfik ta Faris 2024, amma waƙarta Djadja cike take da yaren samari, wasu dattawan Faransa ma sai an fassara musu. Suna da wani abu verlan, juya kalma suke yi kamar zaurancenmu, femme ta koma meuf, fou ya koma ouf. Haka Premier Gaou ta Magic System, nushi ne, yaren titi na Abijan. Daɗi kam akwai amma ba da shi za ka yi wa jami'i magana ba. Ni ya faru da ni a wani ofis, dattijo da furfura ya miƙo hannu yana son takarduna, na buɗe baki na ce masa tu, wato kai, don shi na saba ji a waƙa, wallahi ya sauke tabarau ya kalle ni kallon da har yau ina tunawa, ya tura fayil ɗina ƙarƙashin na mutane, sai bayan la'asar na fita. Babba ko wanda ba ka sani ba vous ake ce masa, kamar dai yadda muke ce wa manya ku

Maman Twins: Ni fa ba na jin kiɗa, akwai wata hanya?

Anti Malama: Akwai Hajiya. RFI na da Journal en français facile, labarai ne na kamar minti 10 da sauƙaƙan kalmomi kuma da rubutunsa a shafinsu. Dabarar ita ce ki fara jin labaran ranar da Hausa, in kin koma na Faransancin kin riga kin san zancen. TV5Monde ma na da darussa kyauta

Na Maraɗi: Alhaji wani abu da waƙa ba za ta ba ka ba shi ne lissafi, kuma kai shi ne abincinka. 70 sittin da goma suke cewa, 80 kuwa ashirin sau huɗu, 97 ashirin sau huɗu da sha bakwai, kafin ka gama haɗawa mai kaya ya wuce wani farashin. Wannan hadda za ka yi kamar karatun allo

Ɗan Kwari: Ashe shi ya sa kullum sai na miƙa musu kalkuleta

Bature Baƙi: In kana son takardar shaida kuma ka leƙa Alliance Française, su ke shirya jarrabawar iya Faransanci ta DELF daga matakin A1 har B2. Ɗaliban jami'a masu karanta Faransanci kuma Ƙauyen Faransanci na Badagiri ake tura su

Ɗan Kwari: A'a ni ba satifiket nake nema ba, ciniki nake so in yi da bakina. Na Maraɗi turo min lambobin nan da murya daga 60 zuwa 100, ranar Talata zan tashi, Piaf ɗin Anti kuma zan gwada ta a hanya in direba ya yarda