Me ya sa wuyan raƙumin dawa bai fi na mutum yawan ƙasusuwa ba?

Ɗalibin Kimiyya:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa guda 7 ne, daidai da na ɗan Adam da na ɓera, duk da cewa wuyan nasa yakan kai kusan mita 2. Idan har tsawon wuya ne ke amfanarsa wajen cin ganyen bishiya, me ya hana adadin ƙasusuwan ƙaruwa? Ina roƙon masu ilimin halittu su yi mini bayani.

Malamin Halittu:
Wa alaikumus salam. Abin da ka karanta gaskiya ne, domin maimakon adadin ya ƙaru, kowane ƙashi ne ya yi tsawo, har wasunsu sukan kai santimita 25. Wannan ɗabi'a ce ta juyin halitta, wato ba ya sake gina jiki daga tushe, sai dai ya miƙe wani sashe, ko ya rage shi, ko ya canza masa aiki, a kan tsarin da aka gada daga kakanni. Ka dubi hannunka da kyau: ƙashi ɗaya a dantse, biyu daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, sannan ƙananan ƙasusuwa da yatsu. Wannan jerin ne a cikin fiffiken jemage, inda yatsun suka yi tsawo suka riƙe fata, kuma shi ne a ƙafar gaban doki, wanda a zahiri yake tsaye a kan yatsa ɗaya tak.

Masu tsara wannan jeri tun dabba tana tayi su ne ƙwayoyin gado da ake kira Hox, waɗanda ke sanar da kowane yanki na jiki matsayinsa daga kai zuwa wutsiya. Idan ɗaya daga cikinsu ya samu tangarɗa a jikin ƙudan 'ya'yan itace, ƙafafu sukan tsiro masa a ka, a gurbin gashin da yake shinshina da shi. Edward Lewis, wanda ya daɗe yana binciken waɗannan ƙwayoyi a jikin ƙudan, yana cikin mutum uku da suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 1995.

Mai Nazarin Tsuntsaye:
Malam, bayaninka ya gamsar, amma ya kamata a faɗa cewa wannan adadi na 7 ya shafi dabbobi masu shayarwa ne kawai. Tsuntsaye ba su da wannan ƙaidi, domin akwai masu dogon wuya da ƙasusuwan wuyansu suka haura 20. Ko a cikin masu shayarwa ma, ayu yana da 6, ita kuma dabbar nan mai nawar tafiya ta Kudancin Amurka, mai farata uku, tana da fiye da 7.

Malamin Halittu:
Madalla da wannan gyara, kuma a ganina nan ne tambayar ta fi armashi. Wata masaniya 'yar ƙasar Holan, Frietson Galis, ta kawo hasashen cewa a jikin masu shayarwa, ƙwayoyin da ke ƙayyade iyakar wuya suna da hannu a wasu ayyuka da dama, ta yadda sauya adadin yakan zo tare da nakasa ko mutuwar tayi ko cutar kansa tun ƙuruciya, don haka masu irin wannan sauyi ba sukan bar zuriya mai yawa ba. Hasashe ne da har yanzu ake tattaunawa a kai, kodayake ni ina ganin yana da ƙarfi.

Ɗalibin Kimiyya:
Na gode, Malam. To, yatsu 5 ma haka aka gaje su tun farko?

Malamin Halittu:
A'a, daga baya ne adadin ya tsaya a kan 5. Burbushin Acanthostega, wata dabba mai ƙafa huɗu da ta rayu a ruwa kimanin shekaru miliyan 365 da suka wuce, wanda aka tono a tsibirin Girinlan, ya nuna yatsu 8 a kowace ƙafar gaba.