Gasar "Asuba a Zango": na ɗauki hoton mai koko ba da saninta ba, in tura ko in haƙura?

Sadiku:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kafin Juma'a, don ranar ce za a rufe karɓar hotunan gasar wannan wata. Kun dai san taken da aka ba mu, "Asuba a Zango", kowa hoto uku. To ni sati biyu kenan in an sallame sallar asuba ba na komawa gida, sai in bi lungu-lungu da 'yar Tecno ɗina daga Nima har Mamobi a nan Accra, wata rana ma har Kanda na taka don in kama hasumiyoyi huɗun nan na Masallacin Ƙasa kafin a kashe fitilu. Amma duka sun fito dishi-dishi kamar an watsa musu garin rogo, sai guda ɗaya tak. Wata tsohuwa ce mai koko a bakin layi, ta ɗaga ludayi sama tana tsiyayawa, tururi ya tashi, 'yar fitilar da ke kan teburinta ta haska rabin fuskarta, ga wani ɗan makaranta ya miƙo kofi yana hamma. Wallahi ni kaina da na gani sai da na ce anya ni na ɗauka? Matsalar ita ce ba ta sani ba, a bayan wata motar haya, trotro, da aka faka na laɓe. Jiya na nuna wa yayata ta ce ai ta san matar, kuma in 'ya'yanta suka gan ta a Facebook ni zan yi bayani. In tura ko in bari? Sannan sauran biyun yaya zan yi su fito tas a wannan duhu?

Fati:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka tura sai ka koma wajenta. Ni mace ce bari in gaya maka abin da ku maza ba kwa lura da shi, matar da ta tashi tun ƙarfe 3 na dare tana dama koko ba ta yi shirin hoto ba, wataƙila ɗankwalin ma a karkace yake, zanin na aiki ne. Kai haske da tururi kake gani, ita kuma abin da za ta gani shi ne surukanta a Kumasi suna tura wa juna hotonta suna cewa ga yadda 'ya'yanta suka bar ta. Ka je ka sayi kokon da ƙosai, ka gaishe ta da kyau, ka bari layi ya ragu sannan ka nuna mata.

Razak:
Haba Anti Fati, to in haka ne ai an gama hoton titi kenan. Da zarar ka ce "Mma zan ɗauke ki" shi kenan ta gyara tsayuwa ta ƙame kamar hoton fasfo. Kan titi ne fa, ba ɗakinta ya leƙa ba.

Fati:
Razak ban ce ya tambaya kafin ya ɗauka ba, ya riga ya ɗauka. Na ce ya tambaya kafin ya baza. Da mahaifiyarka ce fa?

Razak:
To na ji, na yi shiru.

Alhaji Tanko:
Yarana ku bari tsoho ya sa baki. Mu da muka yi aiki da fim, hoto 36 ne a nadi ɗaya, kowane latsi kuɗi ne, don haka ba ma latsawa sai mun zauna da mutum. Ku da kuke ganin sai an laɓe hoto ke yin rai, ku nemi hotunan James Barnor ku kalla, wanda ya buɗe shagon Ever Young a Jamestown tun shekarun 1950, ya yi wa Daily Graphic da mujallar Drum aiki. Da yawan mutanen da ke ciki sun san ana ɗaukarsu sarai, amma dubi yadda suka sake. Sirrin shi ne zama. Ka je wajen mai kokon nan kwana uku a jere, ranar farko za ta ƙame, rana ta biyu za ta yi maka tsiya, rana ta uku ta manta da kai don ciniki ya fi ka muhimmanci. Kuma Sadiku, in za ka je kar ka nuna mata a waya kawai, ka kai a wanke maka shi a takarda ka miƙa mata hannu biyu. Tsofaffinmu abin da suka riƙe a hannu shi suka sani hoto. In kuma ta ce a'a, ka goge, kar ka tsaya jayayya, ba a rasa asuba.

Muniru:
Ni ɓangaren dishi-dishin zan taɓa. Abin da ke faruwa shi ne in haske ya yi ƙaranci waya tana ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, da kanta, shi ke kawo wannan tsakuwa-tsakuwar, kuma tana barin shata, wato ƙofar da haske ke shiga kyamara, a buɗe ya daɗe, to hannunka na ɗan motsawa komai ya narke. Kana fita da wuri ne da yawa. A Accra rana tana fitowa ne wajen ƙarfe 6 saura kwata zuwa 6 da kwata duk shekara, kuma mu da ke kusa da tsakiyar duniya gari ba ya jan wayewa, kamar minti 20 ne kawai kake da wannan shuɗin sama mai kyau kafin rana ta ɓullo. Wannan lokacin za ka jira, fitilun masu shayi da masu koko ba a kashe ba, sama kuma ta fara haske. Ka shiga Pro, inda ake saita kyamarar da hannu, in wayarka tana da shi, ka riƙe ISO kar ya wuce 400, in da mutum mai motsi kar saurin shata ya gaza 1/60 na sakan. Ka jingina wayar a bango ko kan benci, ka sa taima na sakan 3 don kar latsawar ta girgiza ta. Zum kuwa ka manta da shi, ƙafarka ce zum. Filasha ma haka, tana kashe tururin gaba ɗaya. Kuma abin da kowa ke rainawa, ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, wayar da ta kwana a aljihu da hannun da ya ci ƙosai ba ta ɗaukar hoto mai kyau. Masallacin Kanda kuwa tunda gini ne ba ya motsi, nan za ka iya sauke ISO zuwa 100 ka bar shata ya daɗe, in dai wayar tana zaune daram.

Ibrahim:
Duk wannan wahala, ƙarshe masu Canon ne za su cinye sidi 300 ɗin kamar kullum. Mu masu waya rakiya muke yi.

Zuwera, mai kula da guruf:
Ibrahim ka ji tsoron Allah, gasar "Hannu Mai Sana'a" da waya aka ci ta, hoton hannun mai ɗinkin takalmi, kana nan aka sanar. Alƙalai ba sa ganin suna ko irin kyamara, lamba kawai muke sa wa hoto. Sadiku, dokarmu ba ta canza ba, duk hoton da fuskar mutum ta fito a gane shi sai da yardarsa, in yaro ne sai da ta iyayensa, saboda haka ɗan makarantar nan ma yana cikin lissafi, ba tsohuwar kaɗai ba. Gyara a manhajar Snapseed ko Lightroom an yarda, haske da launi da yanke gefe, amma ba a cire abu ko a ƙara. Kuma don Allah jama'a ku riƙa turowa a matsayin dokumen a WhatsApp, in kun turo ta hanyar hoto yana matse shi ya lalace kuma ranar ɗauka ta ɓace, mu kuma da ita muke gane wanda ya zaƙulo tsohon hoton bara.

Sadiku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na je yau da safe kamar yadda Alhaji ya ce, da hoton a ambulan. Ta daɗe tana kallo, ta kira maƙwabciyarta mai wake da shinkafa suka yi ta dariya, sannan ta ce hoton ya yi kyau amma ba za a sa ta a intanet da wannan ɗankwali ba, ko da wane ne. Ta karɓe takardar ta sa a ƙarƙashin faranti, ta ce in ina so in dawo gobe in ɗauki hannunta da ludayin da tururin, ban da fuska. Kokon ma ta ƙi karɓar kuɗina. Yaya Muniru, in hannu kaɗai zan ɗauka kuma kokon yana zuba, 1/60 ɗin ya isa ko in ƙara?

Muniru:
Ƙara, kai shi 1/125 ko sama, ka matsa kusa da fitilarta. Ka tsaya ta yadda hasken zai zo daga bayan tururin, ba daga bayanka ba.