Mi za mu ce ma "radar" ta yanayi da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya ƙanena mai aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo nan Maradi ya kira ni, wai Yaya ga labari daga Amurka, ƴan majalisarsu na maganar dokar sabunta radar ɗin yanayi na ƙasar, wajen guda 160 ne kuma mafi yawa tun shekarun 1990 aka kafa su, to mi zai kira abin a labaran yamma?

Na ce mishi kar dai ka rubuta "rada", don a waya ba kowa ke sa ƙugiya ba, mutum zai karanta raɗa ya ɗauka maganar kunne ce.

Wani malami a zaurenmu ya ce ma'aunin ruwan sama. A'a Malam, wannan shi ne gwangwanin nan mai lambobi da ƴan meteyo ke kafawa, sai ruwa ya sauka yake aiki. Wani ya ce tauraron ɗan adam, shi kuma daga sama yake leƙo gajimare. Ita wagga radar a ƙasa take bisa hasumiya cikin wani farin ƙwallo, tana juyawa tana harba igiyar rediyo, in ta bugi ɗigon ruwa ko ƙanƙara sai ta dawo kamar amsa kuwwa, da haka ake gane nisan ruwan da ƙarfinshi da inda iska ke kora shi, tun yana nesa da fiye da kilomita 200.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne MAHANGIN HADARI. Duk manomi ya san hangen hadari, ka fito ƙofar gida da la'asar ka dubi gabas ka ga ya haɗo baƙi ƙirin ka ce a kwashe shanya. Aikinta ke nan, sai dai idonta ya fi namu nisa. Na san za a ce hadari ma na rikicewa da haɗari, to a baki ba su rikicewa, kuma rediyo da baki ake yi.

Abin ya dame ni ne saboda ruwan ƙarshen Agustan 2024, unguwarmu katangun laka suka yi ta zubewa muna kwasar yara, da an ce mana ga shi nan tafe ko da awa guda da mun shirya.

Ƙanen nawa ya ce zai gwada sunan yau a rediyo. Mutanen Tasawa da Madarunfa, in kun ji ku hwaɗa mini ko ya zauna a kunne.