DAC mai araha yana gyara sauti da gaske, ko asarar kuɗi zan yi?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka san kayan sauti ku ba ni shawara. Na canza waya watan jiya, sai da na iso gida na lura ashe babu ramin iyafis a jikinta, USB-C ne kawai, ni kuma ba na son na bulutut saboda wahalar caji ga wutar ba zama take ba. Na sayi ɗan guntun kebul ɗin nan da ake jona iyafis da shi, na sa ko motsi bai yi ba, na mayar aka canza min wani, shi yana yi amma akwai wani siiii a ƙasa, in ina jin karatun Alƙur'ani da dare duk sanda mai karatu ya tsaya jan numfashi sai in ji shi, wallahi yana hana ni natsuwa. Na biyu kuma laftof ɗina, in na jona ta da amfilifaya sai sifika ta kama gurnani. Wani abokina a Kongo ya ce DAC zan saya duk ya wuce. Dubu 30 gare ni, za ta isa ko sai mai tsada ne ke aiki?

Mai Gyara Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena matsala biyu ka haɗa kuma ba maganinsu ɗaya ba. DAC dai shi ne ɗan abin da ke juya lambobin da ke cikin fayil su zama wutar da za ta motsa iyafis har kunne ya ji, duk wayar da ke magana akwai shi a cikinta. Tun da Apple suka cire ramin a iPhone 7 a 2016 wasu suka bi sahu, sai aikin ya koma cikin guntun kebul ɗin. To kebul ɗin iri biyu ne, akwai wanda babu komai ciki sai zallan waya, yana jiran wayarka ta turo masa sauti a shirye, wayoyi da yawa kuma ba sa turowa, inaga shi aka fara ba ka. Na fasa irinsa a kan teburina, zare ne siriri aka liƙa da dalma shikenan. Iri na biyun akwai DAC ciki, amma na cikin wanda aka canza maka na banza ne, shi ya sa kake jin siiii ɗin, iyafis ƙanana kuma ba sa ɓoye irin wannan. Nan kam mai kyau zai yi maka magani.

Gurnanin laftof kuwa kada ka kashe ko sisi tukuna. Zare caja ka bar ta a kan batir ka saurara. In ya ɗauke to ba DAC ba ne, ta caja da layin wuta yake shigowa, kuma ko ka sayi DAC na USB yana iya bin kebul ɗin ya same ka. Kar kuma wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi, ita ce kariyarka daga shokin.

Ɗalibin Lantarki:
Oga ya gama magana, bari in ƙara lissafi kaɗan saboda rubutun jikin kwali yana rikita mutane, ka ga an rubuta 32-bit/384kHz sai ka ɗauka ya ninka na 16-bit daɗi. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982, 16-bit/44.1kHz ne, yana ɗaukar sauti har kusan 22kHz (ma'aunin sirantakar sauti ke nan), kunnen mutum kuma a 20kHz yake tsayawa, wannan ma na yaro ne, da shekaru yake raguwa. Ratar da ke tsakanin ƙarami da babban sauti a 16-bit kusan 96dB ce a ma'aunin ƙara, ɗakin da fanka ke juyawa ga jen ɗin maƙwabta ina za ka ji ƙarshenta.

Guntun kebul na Apple mai USB-C dala 9 suka sa masa a Amurka kuma sautinsa tas yake, sai dai ka kula da abu biyu: wanda aka yi wa Turai ƙarfinsa rabin na Amurka ne, sannan a wasu wayoyin Android murya ba ta tashi sosai da shi. Ga jabu kuma ya yi yawa, kwali iri ɗaya. In ba shi ba ka nemi mai cif ɗin CX31993, wato sunan ƙwayar DAC ɗin da ke ciki, su ma araha ne. Sama da su akwai masu CS43131 na Cirrus Logic irin FiiO KA11 da Moondrop Dawn Pro.

Mai Sautin Walima:
Ni fa ban cika yarda da cewa mai araha da mai tsada duk ɗaya ne ba. Hedifon ɗina Beyerdynamic DT 770 ne mai ohm 250, da na sa shi a ƙaramin kebul sai na kai ƙarar ƙarshe kuma duk da haka ganga ba ta da nauyi, kalangu kamar daga bayan katanga ake kaɗa shi. Da na koma kan babban DAC sai komai ya fito, har jan yatsa a kan tsirkiya kana ji. Kunnena bai yi min ƙarya ba.

Ɗalibin Lantarki:
Yallaɓai abin da ka ji gaskiya ne, amma amfilifayar da ke haɗe da DAC ɗin ce ta yi aikin. Ohm shi ne ma'aunin yadda abu ke tirje wa wuta, ohm 250 yana son wuta mai ƙarfi, iyafis ɗin da yawancinmu ke riƙewa kuwa ohm 16 zuwa 32 ne, ƙaramin kebul mai kyau ya ishe su. Sannan kunne in aka ƙara masa ƙara ko kaɗan ce sai ya ce wannan ya fi daɗi, in za a gwada biyu sai an daidaita ƙararsu tukuna.

Maman Khalifa Tudun Wada:
Ni tambayata ita ce daga ina kake samo karatun? Wanda aka naɗa da waya a masallaci aka yi ta turawa a WhatsApp, siiii ɗin na iya zama a cikin fayil ɗin yake, babu na'urar da za ta cire shi. Ni sai da na sake sauke fayil mai inganci na 320kbps sannan na gane mai ƙarancin inganci na 128 nake ji shekara da shekaru. Ka tsayar da karatun ka ji ko ƙarar na nan, sannan ka gwada wani fayil ɗin daban.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga na zare caja kamar yadda ka ce, gurnanin ya ɗauke ɗif, ina mayarwa ya dawo, kuma cajar dama ba ta asali ba ce. Hajiya na gwada fayil uku, har da wanda ke fita tas a wayar ƙanwata mai rami, siiii ɗin na nan a tawa, kenan kebul ɗin ne. Zan nemi mai CX31993 ɗin, ragowar kuɗin in haɗa in sayi caja.

Mai Gyara Sabon Gari:
Ka je da wayarka da iyafis ɗinka ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya, ka sa karatu ka toshe kunnuwa biyu da iyafis ɗin ka jira wurin da ya yi shiru. Laftof da amfilifaya kuma ka jona su a soket ɗaya. In ka canza caja gurnanin bai tafi ba ka yi min magana, akwai ɗan akwati mai tiransifoma ciki da ake sawa tsakaninsu yana raba layin, sai in nuna maka irinsa.